Yadda Aka Yi Wa Maganin Wake Doka

Ni na sayi maganin. Gara in fara da wannan, tunda duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tsafe. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, tana Kucheri tare da yayana da iyalinsa. A kakar shekarar ta sami wake mai kyau a 'yar gonarta. Mutane sun daina barin amfani a rumbu saboda rashin tsaro, kowa ɗaki yake shigar da nasa, ita ma ta jera buhunanta a gefen gadonta. Sai ta aiko mini cewa ƙwari sun fara taɓa waken, in na ga magani in kawo mata.

Na je taron suna a Mada wajen dangin mijina, a hanyar dawowa na ratsa kasuwa. Wani tsoho ya baje kayansa a kan buhu: maganin ɓera, na feshi, irin alayyafo da na tumatir. Ya buɗe wani siririn gwangwani, ya zazzago ƙwayoyi masu launin toka, ya ƙulle mini a leda. Na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce a naɗe a tsumma, a cusa tsakiyar buhu, a ɗaure baki. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma iyakar abin da na tambaya. Na ga rubutu a jikin gwangwanin, amma ba Hausa ba ne, ba kuma Turanci ba.

Ranar Asabar na kai mata. Ranar Litinin da hantsi ina cikin aji aka kira ni a waya. Matar yayana ce ta ga gari ya waye sarai Inna ba ta buɗe ƙofa ba. Sanyi ake yi, ta toshe taga da tsumma. Da suka shiga sun same ta a ƙasa ta yi amai, kazarta da 'yan tsaki da take kifewa da kwando a ɗakin duk sun mutu. Tana numfashi aka sa ta a mota, kafin su iso asibitin Tsafe rai ya yi halinsa. Likitan da ya duba ta ya ce ƙwayar nan in ta sha iska wani tururi take fitarwa wanda ido ba ya gani, shi ke kashe ƙwarin, kuma ba ya bambanta ƙwaro da mutum.

Ban yi kuka ba. Na zauna a tabarma ana shigowa ana fita, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Ina jin muryata kamar daga wani ɗaki take fitowa. Mata suka ce na cika tawakkali. Ba tawakkali ba ne, ba na dai jin komai ne. Na ci abinci, na yi salla, bayan addu'ar bakwai na koma aji na ci gaba da darasin da na bari a allo.

Yayana ne ya yi fushin. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne waken gaba ɗaya, ya ce zai je Mada ya nemo tsohon. Dattawa suka hana shi. Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani malamin gona da ya yi ritaya, shi ya ce masa, “In kana son abin ga ya zama da amfani, ba mutum guda za ka bi ba. Ku rubuta koke ku kai majalisa. Ba ku ne na hwarko ba.”

Yaya ya zo gidana da wannan magana. Shi yana faɗa yana kai da kawowa a tsakar gida, ni ina rubutawa. Abu ɗaya yake so, a hana sayar da ƙwayar kwata-kwata. Na rubuta yadda ya ce, na gyara jimlolin kamar yadda nake gyara na ɗalibai. Bai taɓa ce mini ke kika kawo ba, ni ma ban ɗauko zancen ba.

Mun kai wa ɗan majalisarmu takardar a gidansa na Gusau. Zaure cike da jama'a, kowa da buƙatarsa. Da layi ya zo kanmu ya karanta ta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya yi mana ta'aziyya, ya ce zai gabatar. Na ɗauka shi ke nan. Bayan wata biyu sai ga kira, wata mata ta ce ita ce sakatariyar kwamitin aikin gona na majalisa, ana son ganinmu.

Madam kowa yake ce mata. Kirista ce, mahaifinta ya zo Gusau aikin jirgin ƙasa daga kudancin Kaduna, a nan aka haife ta, Hausarta ta Zamfara ce tsantsa. Ofishinta ƙarami ne, fayil har saman kabad, fanka tana juyi a hankali. Ita ta fara bayyana mini yadda abin yake tafiya. An karanta kokenmu a zauren majalisa, kakaki ya miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya ga cewa magana ce da ke buƙatar doka, don haka an ba lauyan majalisa ya tsara ƙudiri. Ƙudiri shi ne doka tun ba ta zama doka ba. Za a karanta shi sau uku, a tsakani a saurari jama'a, sannan a kai wa gwamna ya sa hannu.

“Zai ɗauki wata nawa?” in ji Yaya.

Ta dube shi, ta ce, “Malam, kada in yi maka ƙarya. Ka dai riƙa kunna wayarka.”

Rannan ta kai mu wajen lauyan, wani mai sanyin magana da ke rubutu da jan biro. Ya ce majalisar jiha ba ta da ikon hana shigo da magani ko haramta shi, wannan na gwamnatin tarayya ne. Abin da jiha za ta iya shi ne tsara yadda ake sayarwa a kasuwanninta. Duk mai sayarwa ya yi rajista da ma'aikatar gona, a koya masa, a daina fasa gwangwani ana sayarwa a leda, kuma kowane mai saye a ba shi takardar gargaɗi da Hausa.

Yaya ya ce, “Wato abin da ya kashe uwata za a ci gaba da saida shi.”

Lauyan ya ce, “Za a ci gaba. In ba shi, rabin waken jihar nan ƙwari za su cinye.”

Yaya ya tashi ya fita. Ni na zauna, saboda mutumin bai gama magana ba. Na ga ya ja layi a kan jimlar da na rubuta da hannuna, ya rubuta wata a samanta. Na lura rubutunsa yana da kyau.

Ranar karatu na farko mun je tare. Aka hau da mu bene inda baƙi ke zama, muna hango 'yan majalisa a ƙasa. Aka shigo da sandar majalisa, kowa ya miƙe, aka yi addu'a. Bayan wasu batutuwa akawun majalisa ya tashi ya karanta sunan ƙudirin da Turanci, kakaki ya buga guduma, aka wuce zuwa maganar wata gada. Yaya ya juyo ya ce mini, “Yaushe za su hwara namu?” Na ce an gama. Mun baro gida tun da sassafe saboda abin da bai kai minti ɗaya ba.

Daga nan ya fara janyewa. Damina ta faɗi, ga gona, ga hanya ba kullum take biyuwa ba. Ya ce in riƙa zuwa, tunda ni na san boko. Na ci gaba da zuwa. Mutane sun ɗauka ƙwazo ne, shugaban makarantarmu har yana ba da misali da ni. Gaskiyar ita ce in Madam ta kira ta ce ranar kaza, sai in nemi izini in shiga mota, kamar yadda nake zuwa duk inda aka ce in je a wannan lokacin. Ba wanda ya ce in daina, shi ya sa ban daina ba.

A karatu na biyu ne aka yi muhawara. Ɗan majalisarmu ya ba da labarin wata baiwar Allah a Kucheri. Na jima ina saurare kafin in gane Inna yake nufi. Wani ya tashi ya ce a mazaɓarsa ma an yi, yara biyu. Wani ya ce a yi hattara kada a kashe wa talakawa sana'a. Aka ce masu goyon baya su amsa, suka amsa, aka mayar da ƙudirin ga kwamiti. Sai aka tafi hutu. Da aka dawo aka shiga aikin kasafin kuɗi, Madam ta ce duk wani abu ya tsaya sai an gama. Shekara ta zagayo, muka yi wa Inna sadaka, na dafa shinkafa na raba.

Sauraron ra'ayin jama'a a wani babban ɗakin taro aka yi a Gusau. 'Yan kwamiti a sama bayan dogon tebur, mu a ƙasa a kujerun roba. Mutanen ma'aikatar gona sun zo, da likitoci, da ƙungiyar manoma, da masu sayar da magani daga Gusau da Bungudu da Mada. Madam tana gefe da littafinta tana kiran mutane, kowa minti biyar.

Da aka zo kan 'yan kasuwa, shugabansu ya yi magana, sannan ya ce akwai dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar, a ba shi dama. Tsohon ya taso da sanda. Na gane shi tun kafin ya kai gaban makirufo. Na jira in ji gabana ya faɗi ko jikina ya ɗauki rawa. Ba abin da ya faru. Na ga dai hular kansa ita ce ta rannan.

Ya ce shekarunsa sun fi talatin yana wannan sana'a, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Ya ce manomi ba ya iya sayen gwangwani guda, ƙwaya biyu ko uku yake buƙata, in an hana fasawa an hana shi ci. Shugaban kwamiti ya tambaye shi ko ya san abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba. Wanda ya saida min bai sani ba. Yadda munka ga ana yi haka muke yi.”

Ni ce ta biyu bayansa. Na rubuto abin da zan faɗa a takarda, na karanta shi yadda nake karanta sanarwa a taron iyaye. Na faɗi ranar, na faɗi tagar da aka toshe, na faɗi kazar. Na ce a kasuwar Mada na saya, ni na kai mata da hannuna, kuma ni malamar makaranta ce amma ban san ana mutuwa ba. Wannan jimlar ba ta cikin takardar. Wata likita a layin gaba tana share ido. Na duba agogo na ga saura minti ɗaya, na ce na gama.

Da aka tashi salla ina tsaye a baranda sai ga tsohon. Ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, “Ɗiyata, wurin wa kika saya a Mada?”

Na ce, “Wurinka, Baba.”

Sai ya jingina sandarsa da bango, ya durƙusa a kan siminti, tsoho sa'an mahaifina. Ya ce, “Wallahi ban sani ba. Ki yahe min.”

Na ce ya tashi, na yafe. Na faɗa ne don ya tashi, mutane sun fara kallo. Ban san ko na yafe ba, don ban taɓa jin na riƙe shi ba. Na miƙa masa sandarsa. Madam ta zo ta ja hannuna zuwa ofishinta, ta zuba mini shayi daga fulas, ta zauna tana gyara rubutunta. Na shanye, na tafi tasha.

Saboda maganar tsohon kwamiti ya sauya sashe guda. Aka yarda a sayar da ƙwaya kaɗan, amma sai a cikin ƙaramin mazubi mai murfi, ba leda ba. Bayan wasu watanni aka yi karatu na uku, ban je ba, muna jarrabawa. Labarin sa hannun gwamna a rediyo na ji ina guga. Na ƙarasa rigar da ke gabana, na ɗauko ta gaba.

Madam ta kira da yamma. Na ce to an gama ke nan. Ta ce, “Malama, an gama na majalisa. Saura na ma'aikata.” Doka ta ce a yi rajista, a koyar, a ba da takarda. Amma wane ofishi za a je, kwana nawa ne koyarwar, wa zai shiga kasuwa ya duba, me za a rubuta a takardar, duk wannan ma'aikatar gona ce za ta zauna ta tsara, shi ake kira ƙa'idoji. Sai an rubuta su, ma'aikatar shari'a ta duba, kwamishina ya sa hannu, sannan dokar za ta taka ƙasa.

Sau ɗaya aka gayyace ni wannan zama, ranar da za a rubuta takardar gargaɗin, saboda Madam ta ce musu ina koyar da Hausa. Mu takwas ne a ofishin wani darakta. An fassaro wani dogon bayani daga Turanci, shafi guda cur, ni kaina sai da na karanta sau biyu. Aka shafe awa guda ana gardama kan kalma ɗaya. Wata likita ta ce a rubuta guba. Wakilin 'yan kasuwa ya ce in aka rubuta guba mutane za su daina sayen wake ma gaba ɗaya, a rubuta haɗari. Daraktan ya juyo ya ce, “Malama, ba ki ce komai ba.”

Na ce da an ce mini kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun, da ya isa.

Aka rubuta haka a sama da manyan baƙaƙe: kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa wannan magani. Wani dattijo cikin malaman gona ya ce a ƙara da ajami, don a ƙauye masu karanta shi sun fi yawa. Aka kuma sa a zana gado da buhu a ja musu jan layi. Kalmar guba ta shiga, amma a ƙasa. A mota ina komawa Tsafe jimlar ta riƙa maimaita kanta a kaina, na ƙirga kalmominta da yatsu, na sake ƙirgawa. Da na isa gida na ɗora tuwo.

Aka gama ƙa'idoji, sai kuma aka ce babu kuɗin aiki da su, saboda an riga an amince da kasafin shekarar kafin a sa wa dokar hannu. Sai wata shekara. Ma'aikata ta sa buƙatarta, kwamishina ya je gaban kwamiti ya kare ta, aka rage, aka bar wani abu. Wata rana na je Gusau asibiti na biya ta wajen Madam, ta ɗauko littafin kasafin kuɗi mai kauri kamar matashin kai, ta yi ta buɗawa, ta ɗora yatsa a kan wani siririn layi tsakanin gyaran motar ofis da sayen irin masara. Ta ce, “Ga ku nan.” Na duba, na ce na gani. Ta ce a shekarun da ta yi a wurin, ba kowane koke ne yake kai wa wannan layin ba. Na ce mun gode. Ina jin ta so in fi haka murna.

A Bungudu aka yi koyarwar farko, a ɗakin taron ƙaramar hukuma, shekara uku da 'yan watanni bayan rasuwar Inna. Masu sayar da magani sun cika benci. Malamin gona ya nuna musu safar hannu da abin rufe hanci, ya nuna wani buhu mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Aka ce in yi magana, na sake faɗin abin da na faɗa a Gusau, kusan kalma da kalma. Na duba ban ga tsohon ba. Na tambayi wani mutumin Mada, ya ce ai tun bayan taron nan ya bar sayar da magani, iri kawai yake kasawa, yanzu ma ido ya hana shi fitowa sosai.

Yau in ka shiga manyan kasuwanni za ka ga takardar a wasu rumfuna, wani ya liƙa ta a jikin katako, wani yana naɗe wa mai saye da ita. A wasu wuraren kuma har gobe a leda ake ƙullawa, don masu dubawa ba su da yawa, ƙauyuka da dama ma ba sa shiguwa. In na gani wani lokaci nakan tsaya in yi magana, wani lokaci in wuce.

Da Madam za ta yi ritaya ta aiko mini da kwafin dokar a cikin ambulan, shafi tara. Na tafi da shi Kucheri wata Juma'a. Yaya yana zaune a gindin bedi yana gyara ƙotar fartanya, ya ce in karanta masa. Na riƙa karantawa ina mayarwa da Hausa, sashe bayan sashe: ma'anar kalmomi, rajista, koyarwa, mazubi, hukunci. Bai katse ni ba har na kai inda gwamna ya sa hannu.

Ya ce, “Sunan Inna na ciki?”

Na ce babu, ba a sa sunan mutum a doka.

Ya ce, “To.” Ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu ya ga ta zauna. Matarsa ta leƙo ta ce abinci ya sauka, in ci kafin in tafi, don motocin Tsafe ba sa kai yamma yanzu. Na mayar da takardun cikin ambulan, na shiga na wanke hannu.